Daga Yawan Atam Zuwa Giram: Tambayoyi da Amsoshi kan Lissafin Mol

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban kemistiri suka fi yi kan yadda ake mayar da yawan atam zuwa nauyi a giram, musamman masu shirin WAEC, NECO da JAMB da 'yan shekarar farko a jami'a. Lissafin kansa mataki biyu ne kacal. Wuraren da ake zubar da maki kuwa ba su wuce biyu ba: rashin tantance ainihin abin da aka ƙirga, da yadda ake danna kalkuleta. A kansu muka fi daɗewa.

An ba ni yawan atam, an ce in nemo nauyinsu a giram. Ta ina zan fara?

Ta mol za ka bi, wato ma'aunin da ake ƙirga atam da shi a kemistiri, babu wata hanya da ta fi ta tsaro. Da farko ka raba yawan atam ɗin da lambar Avogadro, wato 6.02 × 10²³. Abin da ya fito shi ne yawan mol. Sannan ka ninka mol ɗin da nauyin mol ɗaya na sinadarin, wanda za ka samu a jadawalin sinadarai ko a ƙarshen tambayar.

yawan mol = yawan atam ÷ 6.02 × 10²³
nauyi a giram = yawan mol × nauyin mol ɗaya

A ce atam 3.01 × 10²³ ne na ƙarfe, Fe, an kuma ba ka Fe = 56. Idan ka raba 3.01 × 10²³ da 6.02 × 10²³ za ka samu mol 0.5. Ninka 0.5 da 56, amsa ita ce giram 28.

Ga wanda lambobinsa ba su faɗa daidai ba. Atam 1.50 × 10²² na jan ƙarfe, Cu, mai nauyin mol giram 63.55. Rabawa da 6.022 × 10²³ ta ba da mol 0.02491, ninkawa da 63.55 ta ba da giram 1.58. A rubuta matakin mol ɗin a takarda ko da an iya yi da ka, domin idan amsar ƙarshe ta kauce, mai duba takarda zai ga inda aka bi.

Me ya sa sai an bi ta mol?

Domin sikeli ba ya ƙirga, auna nauyi kawai yake yi, alhali sinadarai da ƙirge suke haɗuwa: atam biyu na haidurojin da ɗaya na oksijin ne ke ba da ruwa. Mol shi ne ma'aunin da ke haɗa ƙirga da awo. Kamar dozin yake a kasuwa. Dozin ɗin lemo da dozin ɗin kankana duk goma sha biyu-biyu ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba. Mol ɗaya na kabon da mol ɗaya na zinariya duk atam 6.02 × 10²³ ne, sai dai na farko giram 12 ne, na biyu kuma giram 197.

Wanda ya ƙware zai iya haɗa matakan biyu a layi ɗaya, ya ninka yawan atam da nauyin mol sannan ya raba da lambar Avogadro. Amsa ɗaya ce. Amma da zarar tambaya ta shigo da haɗaɗɗen sinadari, mai gaggawar nan shi ne farkon ɓacewa.

Yaya aka yi lambar da ke jadawali ta zama nauyin atam ɗaya, ta kuma zama nauyin mol ɗaya?

Ba dace ba ne, da gangan aka tsara shi haka. Ana auna nauyin atam da wani ƙaramin ma'auni mai alamar u, wanda shi ne kashi ɗaya cikin goma sha biyu na nauyin atam ɗin kabon-12. Idan aka mayar da u ɗaya zuwa giram, ana samun giram 1.66054 × 10⁻²⁴. To ninka wannan da 6.02214 × 10²³ ka gani, giram 1 za ka samu. An zaɓi lambar Avogadro ne domin wannan ninki ya ba da ɗaya. Shi ya sa atam ɗin sodiyam mai nauyin u 22.99 mol ɗinsa ke da giram 22.99. Lambar tana nan yadda take, ma'aunin ne ke sauyawa.

Tun 1961 masana kimiyyar sinadarai suka koma kan kabon-12. Kafin nan da oksijin ake gwadawa, kuma masana fiziks da na kemistiri kowa da irin oksijin 16 ɗinsa, abin da ya sa jadawalinsu ya riƙa saɓawa kaɗan.

Lambobi biyu ne a gidan kowane sinadari a jadawali. Wacce zan ɗauka?

Babbar, wadda yawanci take da ɗigo. Ƙaramar, cikakkiyar lamba marar ɗigo, ita ce lambar atam, wato yawan furoton, kuma ba ta da aiki a wannan lissafi. Sodiyam yana da 11 da 22.99, kalsiyam 20 da 40.08, ƙarfe 26 da 55.85. Wanda ya ɗauki ƙaramar, in ban da a haidurojin, zai samu amsar da ta kai kimanin rabin gaskiya ko ƙasa da haka, kuma a jarrabawar zaɓi sau da yawa wannan amsar tana zaune cikin A zuwa D tana jiran sa. Kada a dogara da cewa ta sama ce ko ta ƙasa, domin jadawalai sun bambanta wajen inda suke ajiye su.

Tambaya ta ce "oksijin". Da 16 zan yi aiki ko da 32?

Nan ne akasarin maki ke zubewa. Amsar tana cikin kalmar da ta zo kafin oksijin ɗin: atam aka ce ko molikul, wato atam biyu ko fiye da ke manne da juna?

Idan an ce atam 1.204 × 10²⁴ na oksijin, mol 2 ne na O, sai a ninka da 16, a samu giram 32. Idan kuma molikul 1.204 × 10²⁴ na oksijin aka ce, mol 2 ne na O₂, a ninka da 32, a samu giram 64. Lambar da aka bayar iri ɗaya ce, amsa kuma ta ninka biyu, saboda kowane molikul ɗin O₂ atam biyu ne a manne.

Akwai wanda zai ce ai oksijin a iska O₂ yake, don haka ko da atam aka ce dole a yi da 32. Bari mu bi ta hanyarsa. Atam 1.204 × 10²⁴ idan suka haɗu bibbiyu za su ba da molikul 6.02 × 10²³, wato mol 1 na O₂, giram 32. Amsar ba ta canza ba. Nauyin atam bai damu da ko suna manne ko suna rarrabe ba. Kuskuren yana zuwa ne lokacin da aka ƙirga atam sannan aka ninka da nauyin molikul.

Sinadarai bakwai ne ke zuwa bibbiyu haka: H₂, N₂, O₂, F₂, Cl₂, Br₂ da I₂. Farar fosforas tana zuwa a P₄, farar wuta kuma a S₈. Idan tambaya ta ce "iskar naitirojin" ko "iskar kulorin" ba tare da ta ambaci atam ba, molikul ake nufi. Dabara mai amfani ita ce kada ka taɓa rubuta "mol 2" tsirara. Rubuta "mol 2 na O" ko "mol 2 na O₂". Fomular da ka rubuta a gefen mol ita za ta gaya maka nauyin da za ka ɗauka.

Idan atam ɗin suna cikin haɗaɗɗen sinadari fa, kamar ruwa?

Sai a ƙara mataki ɗaya a tsakiya, wanda fomula ke bayarwa. Ga tambaya: giram nawa na ruwa ne ke ɗauke da atam 6.02 × 10²³ na haidurojin? Wannan mol 1 ne na H. Kowane H₂O yana da H biyu, saboda haka mol 1 na H yana cikin mol 0.5 na ruwa. Ninka 0.5 da 18, giram 9. Wanda ya ce 18 ya tsallake matakin tsakiya, wanda ya ce 1 kuma nauyin haidurojin ɗin ya bayar, ba na ruwan ba.

Wani lokaci jimillar atam ake bayarwa. Ruwan da ke da atam 1.806 × 10²⁴ gaba ɗaya yana da mol 3 na atam. Tunda kowane molikul atam uku ne, mol 1 ke nan na ruwa, giram 18.

A yi hattara da fomula mai baka biyu. Lambar da ke wajen baka tana ninka duk abin da ke ciki. A (NH₄)₂SO₄ akwai N biyu, H takwas, S ɗaya, O huɗu, nauyin mol ɗinsa 28 + 8 + 32 + 64 = 132. A Al₂(SO₄)₃, wanda ake tace ruwan sha da shi, akwai Al biyu, S uku, O goma sha biyu, atam 17 ke nan, nauyin mol 342.

Sai kuma gishirin da ke riƙe da ruwa a jikinsa, irin shuɗin CuSO₄·5H₂O. Ɗigon da ke tsakiya ba ninki yake nufi ba, tarawa ce: 159.5 + 90 = 249.5. Oksijin ɗinsa tara ne, huɗu daga SO₄, biyar daga ruwan. Idan aka tambayi nauyin da ke ɗauke da atam 5.42 × 10²³ na oksijin, mol 0.9 ne na O, a raba da 9 a samu mol 0.1 na gishirin, wato giram 24.95. Masu manta oksijin ɗin ruwan suna rabawa da 4, amsarsu ta ninka gaskiya fiye da sau biyu.

Akwai inda wannan lissafi ke fitowa a wajen aji?

Dubi buhun takin yuriya. Fomularsa CO(NH₂)₂, nauyin mol giram 60.06. Buhu mai kilo 50 giram 50,000 ne, idan aka raba da 60.06 a samu mol 832.5. Kowane molikul yana da naitirojin biyu, don haka akwai mol 1,665 na N, wato atam wajen 1.00 × 10²⁷. Mayar da su giram: 1,665 × 14.007 ya ba da kimanin kilo 23.3. Kashi 46.6 cikin ɗari ke nan na buhun, kuma daga nan ne lambar 46 da ake bugawa a jikin buhun yuriya ta samo asali. Ragowar nauyin na kabon, oksijin da haidurojin ne.

Gishirin miya ba shi da molikul. Yaya ake yi da shi?

NaCl ayon-ayon ne a jere, wato atam masu cajin lantarki, Na⁺ da Cl⁻, babu wani molikul guda da za a nuna. Abin da ake ƙirgawa shi ne NaCl ɗaya-ɗaya kamar yadda fomula ta nuna, lissafin kuma bai sauya ba. Giram 5.85 mol 0.1 ne, yana da ayon 6.02 × 10²² na sodiyam da 6.02 × 10²² na kuloraid, jimilla 1.204 × 10²³. Nauyin ayon kuwa ana ɗaukar sa daidai da na atam, domin ilektiron ɗin da ya fita ko ya shiga bai wuce kashi ɗaya cikin 1,836 na nauyin furoton ba.

Kalkuleta ta ba ni 5 × 10⁴⁵ a matsayin mol. Me ya faru?

Ka danna 3.01 × 10^23 ÷ 6.02 × 10^23 a jere ba tare da baka ba. Kalkuleta daga hagu zuwa dama take bin ninki da rabo. Ta raba 3.01 × 10²³ da 6.02 kawai, ta samu 5 × 10²², sannan ta ninka da 10²³ maimakon ta raba. Da a ce ka ci gaba ka ninka da 56, da ka samu giram 2.8 × 10⁴⁷ na ƙarfe, alhali duniya baki ɗayanta ba ta wuce giram 6 × 10²⁷ ba.

Magani biyu ne. Ko ka sa lambar Avogadro cikin baka biyu, ÷ (6.02 × 10^23), ko ka yi amfani da maɓallin EXP, wanda a wasu kalkuletocin aka rubuta ×10ˣ ko EE. Da shi za ka danna 6.02, EXP, 23, na'urar ta ɗauke ta a matsayin lamba guda.

Maɓallin nan ma yana da tarkonsa. EXP da kansa yana nufin "sau goma mai lambar sama", saboda haka wanda ya danna 6.02 × 10 EXP 23 ya saka goma sau biyu, ya shigar da 6.02 × 10²⁴. Amsarsa za ta fito da lambobi daidai amma ɗigo ya goce gida ɗaya, kuma irin wannan kuskure ya fi wuyar ganewa fiye da na farko. Bugu da ƙari, wasu sababbin samfuran kalkuleta suna ɗaukar maɓallin ×10ˣ a matsayin ninki na yau da kullum. Gwada taka kafin ranar jarrabawa: danna 6 ÷ 2, maɓallin, 3. Idan ta ba da 0.003, lafiya lau. Idan ta ba da 3000, to kada ka raba da lambar Avogadro sai cikin baka.

Na ƙarshe, alamar ragi ta lambar sama, kamar a 10⁻²⁴, da maɓallin (−) ake saka ta a yawancin kalkuletoci, ba da na ɗebewa ba.

Idan babu kalkuleta a hannu?

Raba aikin gida biyu. Lambobin gaba daban, goma-goma daban. Ga atam 9.03 × 10²¹ na kalsiyam: 9.03 ÷ 6.02 = 1.5, sannan a ɗebe lambobin sama, 21 − 23 = −2. Mol 1.5 × 10⁻² ke nan, wato 0.015. Ninka da 40, giram 0.6. Masu tsara tambayoyin jarrabawa sun saba zaɓar lambobin da ke rabuwa da 6.02 ba saura, don haka yana da kyau ido ya saba da su: 3.01 × 10²³ rabin mol ne, 1.505 × 10²³ rubu'i, 1.204 × 10²⁴ mol biyu, 1.806 × 10²⁴ mol uku, 2.408 × 10²⁴ mol huɗu.

Ta yaya zan gane amsata ta kauce tun kafin a duba?

Kalli lambar da ke saman goma a cikin tambayar. Idan 23 ce, kana tsakanin kashi ɗaya cikin shida na mol da mol ɗaya da 'yan kai, don haka amsa za ta yi kusa da nauyin da ke jadawali. Idan 22 ce, amsa ta ragu sau goma, idan 21 ce sau ɗari, haka har ƙasa. Idan 24 ce ko 25, amsa ta haura nauyin mol. Duk amsar giram da ta zo da 10⁴⁵ ko fiye daga ninkawa da lambar Avogadro ta fito a inda ya kamata a raba. Amsar yawan atam da ta zo da 10⁻²³ kuwa akasin haka aka yi, kuma ba ta da ma'ana, tunda ba a samun ƙasa da atam ɗaya.

Nawa ne nauyin atam guda ɗaya a giram?

Raba nauyin mol da lambar Avogadro. Na zinariya: 196.97 ÷ 6.022 × 10²³ = giram 3.27 × 10⁻²². Na haidurojin, mafi sauƙin duka, giram 1.67 × 10⁻²⁴.

Ko atam biliyan ɗaya na ƙarfe giram 9.27 × 10⁻¹⁴ ne kawai. Sikelin ɗakin gwaje-gwaje mai kyau yana iya ganin giram 0.0001, kuma ɗan ƙurar kabon mai wannan nauyi tana ɗauke da atam kusan 5 × 10¹⁸. Saboda haka idan tambaya ta ba ka atam dubu ko miliyan, kada amsa mai 10⁻¹⁹ ko 10⁻¹⁶ ta tsorata ka, haka ya kamata ta fito.

Daga giram zuwa yawan atam fa?

A juya matakan: a raba giram da nauyin mol, a ninka da lambar Avogadro. Abin lura shi ne tsarkin abin da aka auna. Zobe mai giram 5 na tsantsar zinariya, mai karat 24, yana da mol 0.02538, wato atam 1.53 × 10²². Amma zoben karat 21 kashi 87.5 cikin ɗari ne zinariya, sauran jan ƙarfe ne ko azurfa. Zinariyar da ke cikinsa giram 4.375 ce, atam ɗinta 1.34 × 10²². Haka nan a mayar da kilo ko miligiram zuwa giram kafin a fara, domin nauyin mol a giram yake.

Gauraye irin tagulla ko kanwa ba shi da nauyin mol guda ɗaya. Sai an san kason kowane sinadari a ciki, a yi wa kowanne lissafinsa, sannan a tara.

Me ya sa kulorin yake 35.5? Akwai rabin furoton ne?

Babu. Kuma babu atam ɗin kulorin ko ɗaya mai nauyin 35.5. Kulorin da ake samu a duniya gaurayen isotop biyu ne, wato atam na sinadari ɗaya masu nauyi daban-daban: kulorin-35, kimanin kashi 75.76 cikin ɗari, mai nauyin u 34.97, da kulorin-37, kashi 24.24, mai nauyin u 36.97. Ninka kowanne da kasonsa ka tara: 26.49 + 8.96 = 35.45. Matsakaici ne, kuma yana aiki ne saboda duk ɗan abin da za a iya aunawa yana da atam masu ɗimbin yawa da kason ya zauna daidai. Haka jan ƙarfe yake, isotop 63 da 65, matsakaicinsu 63.55.

Idan tambaya ta ambaci isotop da sunansa, sai a bar jadawali a ɗauki nauyin isotop ɗin. Atam 6.02 × 10²³ na kulorin-37 giram 37 ne, ba 35.5 ba. Ruwa mai nauyi, D₂O, wanda haidurojin ɗinsa ke da niyutiron, mol ɗinsa giram 20 ne maimakon 18.

6.02 zan yi amfani da shi ko 6.022? Cu 63.5 ne ko 64?

Abin da tambaya ta bayar shi za ka bi, ko da ka san wanda ya fi shi daidai, domin da shi aka fitar da amsar da ke hannun mai duba takarda. Tsakanin 6.02 da 6.022 bambancin bai kai kashi 0.04 cikin ɗari ba, ba kasafai yake taɓa amsa ba. Tsakanin 63.5 da 64 kuwa ya kusa kashi ɗaya cikin ɗari, kuma yana iya kai ka ga zaɓin da ba shi ba.

Kada a datse lambobi a tsakiyar aiki. A misalin jan ƙarfe na sama, wanda ya mayar da mol 0.02491 zuwa 0.02 zai ƙare da giram 1.27 maimakon 1.58. A bar lambar a kalkuleta, a datse sau ɗaya a ƙarshe, gwargwadon muhimman lambobin da tambaya ta zo da su. Idan 1.50 × 10²² aka bayar, uku ke nan, amsa 1.58. Idan 1.5 × 10²² ne, amsa 1.6. Kwafe duk lambobi goman da ke fuskar kalkuleta ba ya ƙara wa amsa inganci.

Ina 22.4 ke shigowa?

Sai idan iska ce kuma an tambayi girman wurin da ta cika. Mol ɗaya na iska a ma'aunin zafi 0 °C da matsin iska atm 1 yana cika kimanin dm³ 22.4. Molikul 3.01 × 10²³ na CO₂ mol 0.5 ne, giram 22, dm³ 11.2. Ba a amfani da 22.4 ga ruwa ko daskararren abu, kuma ba ya cikin hanyar atam zuwa giram.

Idan ilektiron aka ƙirga, kamar a shafa wa ƙarfe ruwan azurfa da lantarki?

Cajin ayon ne ke zama matakin tsakiya. Ag⁺ ilektiron ɗaya yake buƙata, don haka ilektiron 6.02 × 10²³ suna sauke mol 1 na azurfa, giram 108. Cu²⁺ biyu yake buƙata, adadin nan rabin mol yake saukewa, giram 31.75. Cajin mol ɗaya na ilektiron shi ne kulom (ma'aunin caji) 96,485, wanda takardun jarrabawa ke rubutawa 96,500.

Wa ya ƙirga atam har ya samu wannan lamba? Avogadro ne?

A'a. Amedeo Avogadro, mutumin Turin a Italiya, ya rayu daga 1776 zuwa 1856, kuma abin da ya kawo a 1811 shi ne cewa iskoki masu girma ɗaya, a zafi da matsi ɗaya, suna da yawan molikul ɗaya. Bai taɓa sanin adadin ba. Josef Loschmidt ne a Biyana ta Ostiriya ya fara ƙiyasta girman molikul a 1865, abin da ya buɗe hanyar ƙirga su. Jean Perrin na Faransa ya auna lambar ta hanyar lura da kai-komon ƙananan ƙwayoyi a cikin ruwa, shi ne kuma ya raɗa mata sunan Avogadro a 1909. Ya samu kyautar Nobel a 1926.

Awo mafi inganci na zamanin nan da ƙwallon silikon-28 aka yi shi, mai nauyin kilo ɗaya, wanda aka goge har ya zama kusan cikakken mulmulalle. An auna girman ƙwallon da hasken leza, an auna tazarar da ke tsakanin atam da hasken eksre. Tunda atam ɗin silikon a tsare suke, takwas a kowane ɗan akwati na tsarin, rabon girman ƙwallo da girman akwati ya ba da yawansu, kimanin 2.15 × 10²⁵.

Na ji an sauya ma'anar mol. Littafina ya tsufa ke nan?

Mol ya shiga jerin manyan ma'aunan duniya a 1971, a matsayin yawan atam da ke cikin giram 12 na kabon-12. A watan Nuwamban 2018 babban taron ma'aunai da aka yi a Basai ta Faransa ya amince da sabuwar ma'ana, ta kuma fara aiki ranar 20 ga Mayu, 2019. Yanzu mol ɗaya shi ne ƙwayoyi 6.02214076 × 10²³ cif, lamba ce da aka tsayar, ba wadda ake ci gaba da aunawa ba. Abin da ya biyo baya shi ne mol ɗaya na kabon-12 ya daina zama giram 12 bisa ƙa'ida, ya koma abin da ake aunawa, amma bambancinsa da 12 yana wajen kashi ɗaya cikin biliyan. Babu amsar da ke littafinka da za ta motsa saboda wannan. Idan aka nemi ma'anar mol a jarrabawa, ka bayar da wadda manhajarku ta koyar.